Uwar da ba ta murmushi a labaran zanen Koriya

Ƙanwata ce ta miƙo mini wayarta bayan sallar isha'i, ranta a ɓace kamar da ita aka yi. "Yaya, don Allah dubi matar nan. Wannan uwa ce?" Labarin zane ne na Koriya ta Kudu, irin wanda ake karantawa ana jan allo da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa. A zanen farko yarinya ce 'yar kimanin shekara goma sha biyu, tana zaune bayanta a miƙe kamar an ɗaura mata sanda, tana ƙoƙarin mayar da kofin shayi kan ɗan farantinsa. Kofin ya yi 'yar ƙara. Sai allon ya koma fari fat. Na ja, na ƙara ja, babu komai, can sai ga idanun uwar su kaɗai a saman maficin da ta kare rabin fuskarta da shi. Abin da ta ce bai wuce "a sake" ba. Aka yi ta sakewa har shayin ya huce, aka kawo wani, aka ci gaba. A ƙarshen kashin yarinyar tana tsaye a ɗakinta, ta zare safar hannu, yatsunta na rawa, idonta a bushe, don tun tana ƙarama aka hana ta kuka.

Ita ƙanwata ta riga ta yanke hukunci: matar muguwa ce, kuma ba abin da take jira sai ranar da za a kwance mata zani a gaban fada. Ƙawarta da suke bin labarin tare kuwa ta tsaya kai da fata cewa uwar tana son 'yarta, son ne ma ya sa take matsa mata, domin fadar da za a kai yarinyar wuri ne da ƙarar kofi ɗaya ta isa a shekara ana yi da mutum. Sun kwana biyu ba sa ga maciji a kan matar da ba ta taɓa numfashi ba. Da gangan na ƙi ambaton sunan labarin, domin ba shi kaɗai ba ne. Wannan uwa tana nan a labarai barkatai na wannan fanni. Wani lokaci ita ta haifi jarumar, wani lokaci uwar mijinta ce, wani lokaci kuma uwar sarki ce, Mai Babban Ɗakin daular, da ke juya fada daga bayan labule. Duk inda ta bayyana, masu karatu sukan rabu gida biyu kamar yadda yaran nan suka rabu.

Na jima ina juya wannan gardama a raina. Ɓangarorin biyu tambaya ɗaya suke amsawa: tana son 'yar ko ba ta so? Ni a ganina tambayar ce ba ta da ƙwari. Uwa tana iya son ɗanta har cikin ɓargo, kuma ta yi masa illar da zai mutu da ita. Abin da ya kamata a bincika shi ne dokar wa take zartarwa, me zai same ta in ta sassauta, sannan a wuraren da take da halin yin sauƙi ba tare da ta rasa komai ba, ta yi ko ba ta yi ba.

Kafin a kai nan sai an san kasuwar da ta haifi matar. Koriyawa suna kiran labaran zane manhwa, waɗanda aka tsara don waya kuma webtun. Kamfanin Daum ya buɗe nasa dandalin a 2003, Naver ya bi baya a 2004. Fannin da muke magana a kai suna ce masa ropan, wato soyayya a duniyar ƙage, kuma galibin masu karanta shi mata ne. Yawancin labaran sukan fara ne a matsayin rubutun zube da ake saki kashi-kashi a intanet, in sun karɓu sai a ba masu zane. Daular ƙagaggiya ce, da sarki da manyan hakimai da masu sihiri, sau da yawa jarumar ta mutu ne ta dawo baya don ta gyara rayuwarta, ko kuma ta farka a jikin wata mace da ke cikin littafin da ta taɓa karantawa. A 2013 aka ƙaddamar da wani dandalin mai suna KakaoPage, a 2014 kuma ya fito da tsarin da ya sauya komai: ka jira wani lokaci a buɗe maka kashi ɗaya kyauta, in ba za ka iya jira ba ka biya. Wanda ke sayar da haƙuri dole ya iya ƙure shi. Saboda haka kowane kashi sai ya ƙare da ƙaya a maƙogwaron mai karatu.

Masu karatu a Koriya suna da sunaye biyu ga wannan. In labari ya cika ka da takaici, ana cutar jarumar ba ta iya ramawa, sai su ce goguma, wato dankali, irin dafaffen dankalin da ka cusa babu ruwa ya tsaya maka a ƙirji. In kuma ranar ramuwa ta zo, aka mayar wa azzalumi da martani a bainar jama'a, sai su ce saida, sunan farin lemon kwalba mai iska da ke wanke maƙoshi. Marubuci yana auna su ne kamar mai miya da gishiri. Dankali ya yi yawa masu karatu su gudu, lemo ya zo da wuri labari ya ƙare. To babu rumbun dankalin da ya kai uwa mai tsanani. Maƙiyi na waje sai an yi tafiya kafin a gamu da shi, ita kuwa tana nan a teburin karin kumallo kullum. Ba a marin ta, ba a kai ƙarar ta, ba a guje mata, kuma kowace kalmarta tana da zafi biyu saboda daga bakin da ake jiran yabo ta fito. Fushin ƙanwata ba daga sama ya faɗo ba, an gina shi ne da gwaninta, har farin filin nan da na yi ta ja kafin in ga idon uwar yana cikin ginin.

Tufafin labaran na Turai ne: riguna masu faɗi, ɗamarar da ke matse ƙugu, keken doki, liyafar rawa a fada. Kuma tarihin Turai yana da irin wannan uwa da sunanta. Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta haifi 'ya'ya 16, ta aurar da 'yarta Marie Antoinette ga magajin sarautar Faransa a 1770, yarinyar tana da shekara 14. Daga Viyana ta ci gaba da yi mata tarbiyya ta wasiƙa har ta rasu a 1780: faɗa kan hawan doki, faɗa kan rashin karatu, faɗa kan jinkirin haihuwa, faɗa kan ƙin yi wa Madame du Barry, farkar sarkin Faransa na lokacin, magana. Jakadanta a Faransa, Mercy-Argenteau, yana aika mata rahoton sirri kan abin da yarinyar ke yi, ita kuwa yarinyar tana mamakin yadda uwarta ke sanin komai. Wannan aure shi ne igiyar da ta ɗaure ƙawancen ƙasashe biyu da suka daɗe suna gaba, don haka kowane kuskuren 'yar shekara sha biyar lamarin ƙasa ne. Wanda ya san yadda Marie Antoinette ta ƙare a 1793, an fille mata kai, zai yi wuya ya ce tsoron uwar na banza ne.

Amma in aka tuɓe wa labaran rigar Turai, ƙashin da ke ciki na Koriya ne, na daular Joseon da aka kafa a 1392. A nan ne matar nan take da asali, kuma akwai mace guda a tarihi da nake ganin duk mai son fahimtar ta ya kamata ya sani.

Sunanta na sarauta Sarauniya Sohye, an fi sanin ta da Insu. An haife ta a 1437 a babban gida, aka aurar da ita ga ɗan da ya zama magajin Sarki Sejo. Tana da shekara 20, a 1457, mijin ya rasu, ya bar ta da ƙananan yara uku, na ƙarshen jariri. Gadon sarauta ya koma kan ƙanin mijinta, ita kuma ta tattara 'ya'yanta ta bar fada. Matar da ake shirin naɗawa sarauniya ta wayi gari bazawarar da ba za ta ƙara aure ba, kuma 'ya'yanta maza jinin sarauta ne da ba su da kujera, wanda a kowace fada ta duniya matsayi ne mai haɗari. An ruwaito cewa ba ta rufa wa yaranta ko ƙanƙanin laifi, takan tsare gida ta tsawata musu, har surukanta, sarki da sarauniya, suka riƙa tsokanar ta da laƙabin da ke nufin gimbiya mai zafi. Shekara goma sha biyu tana wannan zama. A 1469 ƙanin mijin ya rasu bayan gajeren mulki, aka ɗauko ɗanta na biyu, yaro ɗan shekara 12, aka naɗa shi. Shi ne Sarki Seongjong. Ta koma fada a matsayin uwar sarki.

Mace ce mai ilimi a zamanin da ba a cika koya wa mata rubutun Sin ba. A 1475 ta tattara littafin tarbiyyar mata mai suna Naehun daga tsofaffin littattafan Sin, aka haɗa shi da bayani cikin hangul, rubutun Koriya, don mata su iya karantawa: yadda ake magana, yadda ake bi da surukai, yadda ake zama da miji, yadda ake renon ɗa. Shekara huɗu bayan haka, a 1479, aka tuɓe matar ɗanta, Sarauniya Yun, bisa zargin kishi da neman cutar da sauran matan sarki, kuma Insu tana cikin iyayen fada da suka mara wa hukuncin baya. A 1482 aka aika wa Yun guba ta sha. Ta bar yaro ƙarami, wanda ya girma ya hau gadon sarauta da sunan Yeonsangun. A 1504 ya tono maganar uwarsa, ya kashe biyu daga matan mahaifinsa, ya bi manyan fada da ke da hannu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka riga suka mutu ya sa aka tono gawarsu aka sare. A wannan shekarar Insu ta rasu, tana kallon abin da jikanta ke yi.

Ga uwar labarin zane nan da jini da tsoka. Tsananinta ya tsare 'ya'yanta har ɗaya ya zama sarki. Tsananin nan dai shi ya taimaka wajen hallaka wata 'yar mutane, ya bar maraya da wutar da ta cinye fada. A ce tana son iyalinta, gaskiya ne. A ce ta yi ɓarna, shi ma gaskiya ne. Kuma dokar da ta riƙe ba ita ta ƙago ta ba. A tsarin Joseon akwai dalilai bakwai da miji zai iya korar mace a kansu, cikinsu har da rashin biyayya ga surukai, rashin haihuwar ɗa namiji, kishi da yawan magana. A 1477, a zamanin ɗan Insu, aka yanke cewa 'ya'yan bazawarar da ta sake aure ba za su riƙe muƙamin gwamnati ba, aka kuma sa wannan a kundin dokokin ƙasa na 1485. 'Ya'yan ƙwarƙwara ma an toshe musu babbar jarrabawar shiga aikin sarauta. Ma'anar wannan ita ce halin mace ɗaya yana iya rufe wa zuriya guda ƙofar arziki. Maza ne suka zauna a majalisa suka rubuta haka, sannan suka koma gefe suka bar wa mata aikin tabbatar da shi a cikin gida. Uwa ce za ta lanƙwasa 'yarta, uwar miji ta lanƙwasa matar ɗanta. Koriyawa har karin magana gare su kan zaman gidan miji: shekara uku kurma, shekara uku bebiya, shekara uku makauniya. Wadda ta cinye waɗannan shekaru tara ita ce gobe za ta karɓi amarya.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a yadda ake karanta labaran nan. Ba a iya zana doka. Ba a iya zana tsarin gado, ko majalisar dattawan da ta yanke cewa 'ya mace jari ce. Abin da alƙalami zai iya kamawa shi ne fuska, kuma fuskar da aka fi samu kusa ita ce ta uwa. Sai a ba ta siraran idanu, gashi a ɗaure tamau, tufa mai duhu, a zana ta daga ƙasa kamar ana kallon ta daga tsayin yaro. A dubi uban kuma. A wannan fanni akwai wani mutum da ya zama ruwan dare, babban hakimin arewa mai sanyin zuciya, ko sarkin da ya hau mulki ta kan gawarwakin 'yan'uwansa. Akwai ma reshe guda da Koriyawa ke kira labaran reno, inda irin wannan uba yake watsi da 'yarsa shekara da shekaru, wani lokaci a rayuwarta ta farko shi ne ma ya sa aka kashe ta, amma ranar da ya ɗora ta a cinya ya ba ta alewa, masu karatu sun yafe. Ana zana shi kyakkyawa, ba tamoji ko ɗaya, kamar wan saurayin jarumar. Uwar a irin waɗannan labarai galibi ta mutu wajen haihuwa, ta zama hoto a bango, tsarkakakkiya saboda ba ta rayu ta yi tarbiyya ba. Wadda ta rayu ta tsaya kan yaran kullum ita ce ake jira a tozarta. Uba ya yi shekara goma bai leƙo ba, murmushi ɗaya ya biya. Uwa ta yi shekara goma tana tsaye, tsawa ɗaya ta rushe. Na gaya wa ƙanwata wannan, ta yi shiru, domin ita ma tana cikin masu son wancan uban.

Tarihin Joseon yana da wani misali da ya fi wannan nauyi. A 1762 Sarki Yeongjo ya sa ɗansa, magajinsa Sado, ya shiga akwatin ajiyar shinkafa, aka rufe, ya mutu bayan kwana takwas. Sado ya daɗe da taɓin hankali, ya kashe bayin fada da dama. Wadda ta je gaban sarki ta zayyana abin da yake yi, ta nemi a ɗauki mataki amma a tsare jikanta, ita ce mahaifiyar Sado, Yeongbin. Da an yanke masa hukunci irin na mai laifi a shari'a, da laifin ya shafi matarsa da ɗansa. Jikan ya tsira, ya zama Sarki Jeongjo a 1776. Ita kuwa shekara biyu kawai ta ƙara a duniya. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Na kawo shi ne don a ga irin zaɓin da fada ke ajiyewa a gaban uwa, wanda tambayar "tana so ko ba ta so" ba ta ko kusanci bakinsa.

To me ya sa 'yan matan Koriya na yau, da ba su taɓa ganin fada ba, suke rubuta wannan mata suna kuma karanta ta da irin wannan zafi? Domin ba ta yi nisa ba. An soke bambancin aji a doka tun 1894, amma tsarin hoju, wanda ke rajistar iyali a ƙarƙashin namiji shugaban gida, sai a 2005 kotun tsarin mulki ta ce ya saɓa, aka daina aiki da shi a farkon 2008. Hoton macen da ke jikin takardar kuɗi ta won 50,000 tun 2009 na Shin Saimdang ne, mai zane kuma mawaƙiya, wadda aka fi ɗaukaka a matsayin uwa ta gari da ta reni babban malami Yi I, kuma ƙungiyoyin mata sun soki zaɓin a lokacin saboda wannan dalili. Sannan ga jarrabawar Suneung ta shiga jami'a, da ake yi rana ɗaya a watan Nuwamba, ranar da ake dakatar da tashi da saukar jiragen sama lokacin gwajin sauraron Turanci, iyaye mata kuma suna cika wuraren ibada suna roƙo. Yaro yakan tashi daga makaranta ya wuce makarantar ƙarin darasi, hagwon, har dare, kuma wadda ake ɗora wa alhakin tsara wannan duka, a yaba mata in ya ci a zarge ta in ya faɗi, uwa ce. Kofin shayin nan da aka yi ta sakewa, 'yar Koriya ta san shi. Takardar jarrabawa ce da aka samu 98 aka tambaye ta ina sauran biyun. Ba na tsammanin a banza ne fannin da ya cika da mafarkin komawa baya a sake rayuwa ya bunƙasa a ƙasar da yawan haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023.

Duk da haka ba na tare da ƙawar ƙanwata, kuma a nan ne nake ganin masu kare uwar suke zamewa. Akwai dabarar da marubuta ke yawan yi in sun ga labari ya kusa ƙarewa. Sai a kawo kashi ɗaya na waiwaye, a nuna uwar tana yarinya, ita ma ana dukan hannunta, ita ma an aurar da ita ga wanda ba ta so. Launin zanen ya yi laushi, idanun nan sirara su buɗe, hawaye ya zubo. Kashi na gaba 'yar ta rungume ta. Wannan ha'inci ne, ko da an yi shi da kyau. Sanin inda ciwo ya samo asali bai warkar da wanda aka ji wa shi ba. Yarinyar da aka hana kuka shekara goma ba ta bin kowa bashin yafiya don kawai an nuna mata cewa mai hana ta ita ma an hana ta. Labarin da ya tilasta mata runguma ya sake yi mata abin da uwar ta yi: ya gaya mata yadda za ta ji.

Kuma ba kowane tsanani ne kariya ba. Sarauniya Victoria ta Ingila ta tashi a ƙarƙashin wasu ƙa'idoji da mahaifiyarta da mai kula da gidanta, John Conroy, suka tsara a fadar Kensington. Ba ta kwana sai a ɗakin uwarta, ba ta sauka daga bene sai an riƙe mata hannu, ba ta ganin kowa ita kaɗai. Da sunan tsaro aka yi, amma manufar ita ce yarinyar ta tashi ba ta iya komai sai da su, don su riƙe mulki ta hannunta. A 1835, tana kwance da zazzaɓi mai tsanani, suka matsa mata ta sa hannu a takardar da za ta ba Conroy babban muƙami a wurinta, ta ƙi. Da ta hau mulki a 1837 tana da shekara 18, cikin abubuwan farko da ta yi har da sa a fitar da gadonta daga ɗakin uwar. Sai bayan rasuwar uwar a 1861, da ta karanta takardunta, ta ga irin son da take yi mata, abin ya girgiza ta ƙwarai. Son yana nan tun farko. Bai hana a tsaya a kan marar lafiya da alƙalami ba.

Saboda haka in ina karanta irin wannan labari, abin da nake dubawa shi ne abin da uwar ke yi in an rufe ƙofa. A gaban fada tana da uzuri, ido na kanta, kuskure yana da farashi. Amma a ɗaki, daga ita sai 'yarta, babu jakada babu baiwa, wa zai hukunta ta in ta ce sannu? Ina kuma duba wanda ke cin ribar tsananin. In an horar da yarinya ta iya karanta fuskokin mutane, ta san lissafin gida, ta gane guba a magana, an ba ta makami ne da za ta yi amfani da shi ko bayan uwar. In kuwa an horar da ita ta riƙa waiwayen uwar kafin ta ɗaga ƙafa, an yi mata dabaibayi ne. Labaran da suka fi burge ni a fannin su ne waɗanda suka bar uwar da laifinta da dalilinta duka biyu, suka bar 'yar ta fahimta ba tare da an sa ta dole ta yafe ba, kuma suka juya fitilar ko sau ɗaya zuwa kan mazan da ke zaune a majalisa. Ba su da yawa, domin ba sa ba da lemon da aka biya kuɗi ana jira.

Na fahimci abin da ya sa ƙawar ƙanwata ta karanta matar da sauƙin zuciya. Mu mun tashi da "ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi." Mun san uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma babu mai cewa ba ta ƙaunar sa. Idon da ya saba da alkunya yana iya hango so a fuskar da ba ta nuna shi. Sai dai akwai abin da kwatancen ya bari a baya. A gidajenmu ɗan farin da uwa ke kawar wa kai yana da kaka da ke shagwaɓa shi, yana da goggo da inna, wani lokaci ma kishiyar uwar ce ke goya shi, kuma kowa a gidan, har shi kansa, ya san ma'anar shirun. Yarinyar da ke cikin zanen ba ta da kowa a wannan dogon gida sai bayi masu tsoron a kore su, kuma ba wanda ya taɓa fassara mata shirun uwarta.

Makonni bayan haka ƙanwata ta sake kawo mini wayar. Sabon kashi ya fito. Dare ne, uwar tana tafe a dogon barandar gidan da fitila a hannu, ta tsaya a ƙofar ɗakin 'yar. A ɗaya hannun tana riƙe da ɗan kwalin man shafawa, na yatsun da shayi ya ƙona. Ta daɗe a tsaye, mai zanen ya ba ta zane uku ba magana. Sannan ta juya ta miƙa wa wata baiwa, ta ce ta shafa mata, kada kuma ta faɗi wanda ya aiko. Ƙawar ta riga ta kira tun da rana tana murna, wai ga shi nan, ai ta faɗa. Na tambayi ƙanwata ita me ta gani. Ta karɓi wayar, ta mayar da allon baya zuwa inda uwar ke tsaye, ta buɗa zanen da yatsu biyu har ƙofar ta cika fuskar wayar, ta nuna mini ɗan hasken da ke fitowa ta gefenta.

"Yaya, duba fa. Ƙofar ba a kulle take ba, kuma yarinyar ba ta yi barci ba."